Tchirozerine: abin da ya kamata mai mota ya sani kafin a ɗaura masa sabuwar injekta

A gundumar Tchirozerine da ke jihar Agadez, mafi yawan abin da ake ci da wanda ake sayarwa a bayan mota yake tafiya. Albasar Tabelot, dankalin da ake saukowa da shi daga dutsen Bagzan, kayan lambun Dabaga, ruwa da abincin masu haƙar zinariya, har da marar lafiyar da za a garzaya da shi babban asibitin Agadez, duk sun dogara ne da injin da zai tashi, ya kuma kai inda aka nufa. A cikin wannan inji akwai wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, wanda shi ke fesa mai a cikin silinda. Makanikai na kiransa injekta, daga kalmar Faransanci injecteur, yayin da takwarorinsu na Najeriya suka fi cewa nozul.

Injekta na cikin kayan gyara mafiya tsada a motar gazuwal ta zamani, kuma tana cikin waɗanda aka fi lalatawa tun ranar da aka ɗaura su. Sayen sabuwa kaɗai ba ya warkar da mota. Abin da ke sa ta daɗe abu uku ne: tsabtar wurin da aka yi aikin, bin ƙa'idar ɗauri, da ingancin man da za ta sha daga baya.

Dalilin da ya sa maganar ke da nauyi a nan

Garin Tchirozerine na da nisan kilomita 70 da ɗoriya arewa da birnin Agadez. Ya bunƙasa ne albarkacin kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 domin haƙar kwal a Anou Araren, wanda tashar wutarsa ta fara aiki a 1981 tana bai wa ma'adinan uraniyum na Arlit da garuruwan yankin lantarki. Tun daga lokacin garin ya saba da manyan motoci da injinan haƙa masu shan gazuwal. Gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014 ya ƙara yawan motoci ƙirar Toyota Hilux da Land Cruiser da ke zirga-zirga a jihar baki ɗaya, ɗauke da kayan da galibi suka fi ƙarfinsu, a kan hanyoyin yashi da duwatsu.

A irin waɗannan hanyoyi, mutuwar inji na iya zama mutuwar mutane. A ƙarshen watan Oktoban 2013 an gano gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya; ƙishirwa ce ta kashe su bayan motoci biyu da ke ɗauke da su sun lalace. A farkon watan Yunin 2017 kuma aka ba da labarin mutuwar wasu 44 tsakanin Agadez da Dirkou, bayan motarsu ta tsaya cikin hamada. Direban da ke aiki a Yamai ko Maraɗi, idan injinsa ya mutu, sai ya kira makanike a waya. Wanda ya bar kwalta ya nausa cikin Abzin ko Tenere ba shi da wannan gata. Shi ya sa duk aikin da ya taɓa hanyar da mai ke bi zuwa cikin inji yake buƙatar a yi shi daidai tun karon farko.

Yadda injekta ke aiki

Injin gazuwal, wanda ya samo sunansa na turanci daga injiniyan Jamus Rudolf Diesel da ya kammala na farko mai aiki a 1897, ba ya amfani da tartsatsin buji wajen kunna mai. Piston ne ke matse iska zalla a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci injekta ke fesa gazuwal, sai ya kama da kansa. Idan feshin ya fito lallausa kamar hazo, ya kuma zo a kan lokaci da adadin da ya dace, man zai ƙone sarai, mota ta yi ƙarfi, hayaƙi ya ragu. Idan kuwa ya fito kamar tsartuwa ko yana ɗiga, to ba zai ƙone duka ba. Wani zai fita a matsayin baƙin hayaƙi, wani ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, wani kuma ya riƙa ƙonewa a wuri ɗaya a kan piston har ya narkar da shi.

Aikin ba ƙarami ba ne. Idan inji na juyawa sau 2,000 a minti guda, kowace injekta na buɗewa aƙalla sau 1,000 a cikin wannan minti, wato sau 60,000 a awa ɗaya. A injinan zamani kuwa, a kowane zagaye tana yin feshi fiye da ɗaya: ɗan ƙarami na share fage domin rage ƙara, sannan babban feshin.

Tsoffin injina da sababbi

Motocin gazuwal da ke yawo a jihar Agadez sun kasu gida biyu, kuma rashin bambanta su ne tushen asara mai yawa.

Kashi na farko shi ne na tsohon tsari, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya yaɗa tun daga 1927. Mafi shahara a nan shi ne injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, da Toyota ta fara ƙerawa a 1990, wanda ke cikin Land Cruiser da yawa. Injektarsa ba ta da wayar lantarki. Allura ce da sifirin ke dannewa. Idan pompo ya turo mai da ƙarfin da ya kai kimanin bar 150, sai allurar ta ɗaga. Ana murɗa ta cikin kan inji kamar buji. Wannan inji na da haƙuri da man da bai cika tsabta ba, kuma makanike mai gogewa zai iya gyara shi da kayan aiki kaɗan.

Kashi na biyu shi ne tsarin da Faransawa ke kira rampe commune, wato bututu guda da ke tara mai cikin matsi mai tsanani yana rarraba wa dukkan injektoci. Kamfanin Denso na Japan ya fara sa shi a manyan motoci a 1995, ya shiga ƙananan motocin Turai a 1997. Shi ne ke cikin Hilux mai alamar D-4D, masu injin 1KD da 2KD, da waɗanda suka biyo bayansu tun 2015 masu 1GD da 2GD, da kuma Land Cruiser mai V8 na gazuwal. A nan kwamfutar mota ce ke umartar injekta ta buɗe, matsin man kuma na kamawa daga bar 1,350 a na farko-farko zuwa sama da 2,000 a na baya-bayan nan. Domin kwatanci, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 3 ba. Bar 2,000 kuwa daidai yake da a ɗora nauyin tan biyu a kan wurin da bai fi faɗin farce ba.

Kafin ƙarfe ya iya riƙe irin wannan matsi, dole a ƙera shi ba tare da sarari ba. Tazarar da ke tsakanin allura da gidanta ba ta wuce ƴan mikron ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin mikron 70. Ƙurar da ido ba ya gani ma ta isa ta kankare cikin injekta. A yankin da iska ke ɗauke da yashi kusan duk shekara, wannan shi ne babban ƙalubalen.

A tabbatar laifinta ne kafin a cire ta

Alamomin injekta da ta gaji sanannu ne: wahalar tashi da safe, rawar inji idan mota na tsaye, ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma, baƙi ko farin hayaƙi, ƙaruwar shan mai, da raguwar ƙarfi a hawa. Akwai kuma alamar da direbobi da yawa ba sa lura da ita, wato baƙin mai ya riƙa ƙaruwa a kan sandar awo maimakon raguwa, yana warin gazuwal.

Sai dai kowace daga cikin waɗannan alamomi na iya fitowa daga wani wuri dabam. Filtir ɗin iska da ƙura ta toshe na kawo baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. A lokacin sanyin Disamba da Janairu, da kan yi tsanani a tsaunukan Abzin, bujin ɗumama silinda da ya mutu ko batir mai rauni na hana mota tashi. Filtir ɗin gazuwal da ya cika, ko iska da ke shiga ta wani tiyo da ya tsage, na sa inji ya riƙa shaƙewa. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin injekta ɗaya ba.

Akwai hanyoyin tabbatarwa. Injektar tsohon tsari ana ɗaura ta a kan ƙaramin pompon gwaji na hannu mai agogo, a ga matsin da take buɗewa, da siffar feshinta, da ko tana ɗiga. Sau da yawa sauya bakinta da daidaita matsin kaɗai ya isa. Ta sabon tsari kuwa ana fara haɗa motar da na'urar bincike, wadda a garaji ake kira valise, a karanta yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda. Ana kuma auna man da kowace injekta ke mayarwa tanki ta hanyar sa wa kowacce ƙaramar kwalba. Wadda kwalbarta ta cika nesa da sauran, ita ce ke yoyo ta ciki.

Wata tsohuwar dabara da ta yi amfani shekara da shekaru ita ce a sassauta noti na bututun kowace injekta inji na aiki, a saurari wadda ba ta sauya muryar inji ba. A kan 1HZ ana yin haka. A kan sabon tsari haɗari ne babba. Gazuwal da ya kuɓuce da irin wannan matsi na huda fata kamar allura. Raunin kan yi kama da ɗan ƙaramin tabo, amma man da ya shiga na kashe nama, kuma jinkirin ƴan awoyi na iya jawo yanke yatsa ko hannu. Duk wanda hakan ta same shi, a kai shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya faru.

Matakan ɗaurawa

Mataki na farko shi ne tsabta, kuma tun kafin a taɓa kile ake fara ta. A wanke saman inji, a busar da shi, a shigar da motar cikin rumfa ko ɗakin da iska ba ta kaɗawa. Ranar da ƙura ta taso, gara a ɗage aikin. A cire kan batir, a kuma jira matsin da ke cikin bututu ya sauka bayan kashe inji. Duk bakin bututun da aka buɗe a toshe shi nan take da murfin roba mai tsabta. Tsumma mai zubar da zare ba shi da wuri a wannan aiki. Sabuwar injekta kuma ta zauna cikin ledarta, da murfin bakinta, har zuwa lokacin da za a zura ta.

Na biyu shi ne cire tsohuwar. Wadda ta daɗe takan manne saboda baƙin toka da ya daskare a kewayenta. Akwai abin zaro ta na musamman. Banƙara ta da ƙarfen cire taya na iya fasa kan inji, wanda a motocin zamani da yawa na alminiyum ne, sai a wayi gari garin gyaran gira an rasa ido. Idan za a mayar da wasu daga cikin tsoffin, a sa wa kowacce lambar silindarta domin ta koma inda ta fito.

Na uku shi ne mazaunin injekta. A ƙasan ramin akwai wani zoben jan ƙarfe da ke hana wutar silinda fitowa. Wajibi ne a tabbatar tsohon zoben ya fito, domin yakan maƙale a ciki. Idan aka ɗora sabo a kansa, bakin injekta ba zai kai zurfin da aka ƙaddara masa ba, feshin ya kauce. A toshe ƙofar da ke shiga silinda kafin a goge mazaunin, don kada toka ta faɗa ciki, a share shi har ya yi sumul.

Na huɗu shi ne sabon zobe. Wannan ne abu mafi araha a duk aikin, kuma shi aka fi yi wa rowa. Jan ƙarfe na lotsawa ya cike duk wata kafa sau ɗaya ne kawai. Bayan haka ya taurare. Wasu na gasa tsohon zobe a wuta su mayar da shi. A matsayin dabarar fita daga daji ana iya fahimtar hakan, amma a garaji ba hujja. Idan zoben ya yi yoyo, za a ji inji na huci, a ga baƙin abu kamar kwalta na taruwa a gindin injekta. A injina irin su 1KD da 2KD, inda injektoci ke ƙarƙashin murfin kan inji, wannan toka ba ta fitowa fili. Cikin baƙin mai take shiga, ta je ta toshe rariyar da pompon mai ke zuƙa ta cikinta, inji ya rasa mai ya ƙone. Haka zoben da bai kai kuɗin abincin rana ba ke cinye inji sukutum. Zobban roba su ma a sa sababbi, a ɗan shafa musu baƙin mai mai tsabta kafin a zura.

Na biyar shi ne lambar da ke kan injekta. Ko a masana'anta, ba a samun injekta biyu da suke feshi daidai wa daida, saboda haka ake gwada kowacce a rubuta sakamakon a kanta da haruffa da lambobi. Ta Denso takan kai haruffa 30. A ɗauki hoton kowace lamba da waya, tare da lambar silindar da za ta shiga, kafin a rufe ta.

Na shida shi ne ɗauri. A zura injekta a hankali ba tare da bakinta ya bugi ƙarfe ba. A fara ɗaura bututun da hannu domin ta daidaita fuskarta, sannan a ɗaure abin da ke danne ta, daga baya a ƙarasa bututun. Kowane noti na da adadin ƙarfin da kamfani ya rubuta a littafin gyara, kuma kile mai awo, wato clé dynamométrique, shi kaɗai ke iya nuna shi. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, zobe zai yi yoyo. Idan ya yi yawa, jikin injekta na iya lanƙwasa allurar ta maƙale, ko zaren da ke cikin alminiyum ya cinye. A wasu injinan, kusoshin da ke danne injekta miƙewa suke yi idan an ɗaure su, don haka ba a mayar da su sau biyu. Haka bututun ƙarfe masu kai mai: bakinsu na lotsawa ya dace da injektar da aka fara ɗaura su da ita, shi ya sa kamfanoni ke umartar a sauya su tare da injektoci a sabon tsari. Kafin a rufe murfin kan inji, a gwada bututun mayar da mai, domin yoyonsa kai tsaye cikin baƙin mai yake zuba.

Na bakwai shi ne fitar da iska. A sa sabon filtir, a yi ta danna pompon hannu da ke kansa har ya yi tauri. Kada a cika filtir da gazuwal daga bido ta ƙofar tsakiya, domin man da aka zuba ta nan ya tsallake tacewa. Kada kuma a yi ta juya inji babu mai, saboda gazuwal ɗin da kansa ne ke hana ƙarafan pompo da na injekta cin juna.

Na ƙarshe shi ne shigar da lambobin nan cikin kwamfutar mota da na'urar bincike, kowace a gurbin silindarta, tare da sauran daidaitawar da kamfani ya tanada. Motar da ba a yi wa wannan ba za ta iya tashi ta yi tafiya, abin da ke sa wasu ke ganin matakin ba dole ba ne. Amma kwamfutar na ci gaba da lissafi da halin tsohuwar injekta, sai a samu ƙwanƙwasa, hayaƙi da ɓarnar mai. Idan an tayar da inji, a nemi yoyo da ido ko da guntun kwali, hannu kuma na nesa.

Motocin esans

Ba duk Hilux da Land Cruiser na jihar ke shan gazuwal ba; akwai masu injin esans da yawa, irin su V6 mai lita 4. Injektocinsu sun fi sauƙi, domin matsin mai a cikinsu bai wuce bar 3 zuwa 4 ba, kuma zobban roba ne ke riƙe su sama da ƙasa. Haɗarinsu gobara ce. Kafin a kwance, a cire fiyus na pompon mai a bar inji ya mutu da kansa domin matsin ya sauka, sannan a cire batir. A sa sababbin zobba, a shafa musu ɗan mai, a tura injekta a miƙe har ta zauna. Zoben da ya naɗe ko ya tsage zai riƙa fesa esans a kan inji mai zafi. Bayan an gama, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayar da inji ba, a duba, a kuma sansana. Sigari da garwashin shayi su yi nesa da wurin.

Man da za ta sha

Injekta ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Mafi yawan lokuta ruwa, ƙura ko gurɓataccen mai ne ke kashe ta, kuma abin da ya kashe tsohuwar na nan cikin tanki yana jiran sabuwar. Tun watan Nuwamban 2011 Nijar ke tace manta a matatar SORAZ da ke jihar Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, kamfanin SONIDEP kuma ke rarraba shi. Amma da zarar mota ta bar garuruwan da ke da gidan mai, daga tano da bido take sha, wani lokaci man da ya tsallako iyaka bayan ya ratsa hannaye da yawa.

Tano da ke zaune a rana na shaƙar iska yana fitarwa. Zafin rana da sanyin dare na sa danshi ya zama ruwa a cikinsa, ya kwanta a ƙasa tare da tsatsa. Ruwa na sa cikin injekta tsatsa, yana kuma iya fasa bakinta. Gaurayen kananzir ko esans na rage santsin gazuwal, pompo ya fara cin kansa, garin ƙarfen da ya zubar ya bi bututu ya shiga dukkan injektoci. Idan makanike ya ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin tsohon filtir, to sauya injekta kaɗai zubar da kuɗi ne. Sai an duba pompo, an wanke tanki da bututu gaba ɗaya.

Akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi da ke rage wannan matsala. A bar tano ya kwana ya lafa kafin a ɗiba, kada tiyo ya taɓa gindinsa. A rufe shi, a ajiye shi a inuwa. A zuba mai ta mazurari mai rariya, a kuma goge bakin tanki kafin a buɗe. A guji ajiye gazuwal a mazubin da aka shafa wa tutiya, domin tana narkewa a ciki ta daskare a bakin injekta. A ƙasan filtir akwai wurin tsiyayar da ruwa. Idan fitilarsa ta kama a gaban direba, a tsaya a zubar, kada a jira sai an isa gari. Filtir kuma ya zama irin wanda aka yi domin motar, saboda sabon tsari na buƙatar mai tace abin da bai wuce mikron 2 zuwa 5 ba.

Saye da tambayoyin mai mota

A kasuwa akwai sabuwar injekta ta asali, da wadda aka sabunta a wurin ƙwararru, da ta hannu da aka ciro daga wata mota, da kuma ta jabu da ke zuwa cikin kwali mai kama da na gaske. Sunan inji kaɗai bai isa ba, domin inji ɗaya kan zo da injekta iri-iri gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka yi motar dominta. Lambar da ke jikin tsohuwar ita ce jagora. Wadda farashinta ya faɗi nesa da na sauran, ko aka ga lambar gwaji iri ɗaya a kan guda huɗu, abar tuhuma ce. Wadda aka sabunta da gaske kan zo da takardar gwaji da sabuwar lamba.

Mai mota ba sai ya zama makanike ba kafin ya kare dukiyarsa. Ya isa ya tambayi wane gwaji ne ya nuna laifin injekta, ya ga sababbin zobba da filtir da idonsa, ya tambaya ko akwai kile mai awo da na'urar shigar da lamba, ya kuma karɓi tsoffin kayan da aka cire. Idan garajin da ke kusa ba shi da na'urar, tafiyar kilomita 70 zuwa Agadez ta fi sayen wani inji sauƙi. Makanike nagari ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, domin su ne ke raba aikinsa da na masu gwada sa'a.

Ga yaran garaji masu koyon sana'a kuwa, kunne da hannu da suka isa wa iyayen gidansu a zamanin 1HZ yanzu na buƙatar ƙarin karatun littafin gyara da sanin na'ura. Jihar na da makarantar EMAÏR a Agadez, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa horon masu sana'a. Ƙungiyoyin makanikai da na direbobi na da damar neman a shirya wa mambobinsu horo kan wannan fanni, ko su haɗa kuɗi su sayi kayan gwaji na tarayya.

Bayan an kammala aiki, motar ta yi kwana biyu ko uku tana gajerun tafiye-tafiye tsakanin Tchirozerine da Agadez, ana duba sandar baƙin mai kowace safiya, ana leƙa gindin injektoci, ana sauraren muryar inji. Yoyon zobe ko na bututu a cikin waɗannan kwanaki yakan fara nuna kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: motar da aka ɗaura wa injekta da yamma bai kamata ta ɗauki fasinja zuwa Djado da asuba ba.